Ba Kullum Ne Laifin Yatsanka Ba: Abin Da Ke Faruwa A Ɓoye Idan Ka Yi Makin A Waya

Yau ba maganar canza sikirin ko gyaran wurin caji na kawo muku ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci min rai, kuma na san wasu abokan sana'ata masu gyaran waya ba lallai su ji daɗinta ba, domin ni da su duk ta shafe mu.

Kwanakin baya wata dattijuwa ta zo shagona a nan Dabai da yamma, riƙe da waya a cikin gefen zani. Mijinta tsohon soja ne, kun dai san ƙasar Zuru, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan soja ba. Ya rasu. Hotunansa da wani bidiyo da aka ɗauka lokacin bikin Uhola na ƙarshe da ya halarta duk suna cikin memorin wayar. Wayar ta fara yi mata ƙorafin wuri ya cika, sai jikanta ya nuna mata wata manhajar share tarkace. Ta zauna ta bi hotunan furanni da na “barka da safiya” da ake turowa a guruf, ta yi musu makin ɗaya bayan ɗaya, ta danna dilit. Da ta koma galari, furanni na nan da yawa, hotunan maigidanta ne babu.

Ta ce min, “Ɗana, na rantse maka furanni na zaɓa.”

Ni kuma na ba ta amsar da kowane mai gyara yake bayarwa: “Mama, hannunki ne ya taɓa ba ki sani ba.” Ta yi shiru, ta yarda, don tana ganin ni ne na san waya.

Da daddare abin ya ƙi barina. Na ɗauko wata tsohuwar waya, na sa mata wannan manhajar, na zuba hotuna 40 da na rubuta wa lamba 1 zuwa 40. Na yi makin na 3 da na 4 da na 5. Ban danna komai ba, sai na turo sababbin hotuna biyu daga wata wayar. Jerin ya sabunta kansa, sababbin suka hau sama, tsofaffin suka gangaro. Alamar makin kuwa ba ta bi hotunan ba, ta tsaya a layi na 3 da na 4 da na 5. Waɗanda ke zaune a layukan yanzu su ne hoto na 1 da na 2 da na 3. Da na danna dilit sai ta tambaye ni ko na tabbata, ba tare da ta nuna min me za ta goge ba.

Ashe Mama gaskiya ta faɗa. Furanni ta zaɓa. Tana cikin zaɓa saƙonnin guruf suna shigowa, jerin yana motsawa a ƙarƙashin yatsanta, ita kuma ta gangara ƙasa ba ta ganin abin da ke faruwa a sama.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: yawancin abin da muke kira kuskuren mai waya, a wurin zaɓi yake faruwa, kuma sau da yawa wanda ya rubuta manhajar ne ya bar ramin. Bari in nuna muku inda ramin yake.

WANE NE WAKILI?

Yawancin jerin da kake gani a waya ko kwamfuta, na hotuna ne, na fayiloli ne, na lambobin mutane ne, ba mai manhajar ne ya ƙera shi tun daga tushe ba. Kamfanin da ya yi tsarin wayar ya riga ya tanadi akwatin jeri. Akwatin ya iya zana layuka, ya iya gangarawa sama da ƙasa, ya san inda yatsa ya taɓa. Amma bai san komai game da kayan da ke cikinsa ba.

Ku ɗauke shi kamar sabon yaron shago. Ya iya jera kaya a kanta, ya iya miƙo abin da aka nuna, amma bai san farashi ba, bai san wanne ne na sayarwa wanne ne ajiyar wani ba. Don haka maigida sai ya bar masa wakili a shagon. Duk abin da ya taso, yaro ya juya ya tambayi wakili: kaya nawa zan jera a nan? Me zan rubuta a jikin wannan? Ga wani yana son ɗaukar wancan, in bar shi? To ya ɗauka fa, me za a yi?

A harkar rubuta manhaja ma sunansa ke nan, wakili, masu koyo za su ji ana cewa “deliget”. Tambayoyin da akwatin ke juyowa yana yi masa kuma su ne “kolbak”, ni ina ce musu kiran wakili. Mai manhaja ba shi ke kiran akwati ba, akwatin ne ke kiran sa idan wani abu ya faru. Aikinsa shi ne ya rubuta amsar kowane kira tun kafin a yi shi. Idan ya bar wani kira babu amsa, akwatin zai yi abin da ya saba yi, ko ya dace ko bai dace ba.

Kiran nan iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne gaba ɗayan maganar. Akwai na neman izini, wanda ke zuwa kafin zaɓi ya tabbata. Akwai na ba da labari, wanda ke zuwa bayan an riga an zaɓa. Na farko ne kaɗai ke iya hana ɓarna. Na biyu sai dai ya ce maka ga abin da ya faru.

MISALI DAGA KWAMFUTAR APPLE

Wanda ya taɓa riƙe MacBook ya buɗe Finder zai iya tuna wani tsari na duba fayiloli ginshiƙi-ginshiƙi. Ka danna folda a ginshiƙin hagu, kayan cikinta su buɗe a na dama, ka danna wata a nan, wani ginshiƙin ya sake buɗewa. Ni na fara ganin sa ne a kwamfutar wani ɗan bautar ƙasa da ya kawo min gyaran caja. Tsarin ya samo asali ne a wurinsu daga NeXT, kamfanin da Steve Jobs ya kafa a 1985, wanda Apple ya sanar da sayen sa a ƙarshen 1996. Akwatin da masu rubuta manhajar Mac ke amfani da shi don yin irin wannan tsari sunansa NSBrowser. Kar sunan ya ruɗe ku, ba burauzar shiga intanet ba ce irin Chrome ko Opera, ta leƙa foldodi ce.

A cikinsa kowane abu ko reshe ne ko ganye. Folda reshe ce, don akwai abu a ƙarƙashinta. Fayil ganye ne, daga shi babu gaba. Akwatin ba ya iya bambance su da kansa, sai ya tambayi wakili. Haka yake tambayar sa yawan layukan kowane ginshiƙi da abin da za a rubuta a kowanne.

Kan zaɓi kuwa, mai manhaja ne ke yanke hukunci uku: a yarda a zaɓi abu fiye da ɗaya? A yarda a bar ginshiƙi ba a zaɓi komai ba? Idan ana zaɓen da yawa, a yarda folda ta shiga ciki? Wannan na ukun ba ƙaramin abu ba ne. Hoto ɗaya da folda ɗaya duk layi ɗaya suke ci a ido, amma foldar tana iya ɗauke da hotuna dubu.

Akwai kuma kiran neman izini da akwatin ke yi: ga layukan da mutum yake shirin zaɓa a wannan ginshiƙi, me ka ce? Wakili na iya amincewa, yana iya cire wasu, yana iya mayar da zaɓin yadda yake a da. Amma abin da ke ba sababbin masu koyo mamaki shi ne, wakilin wannan akwati ba shi da kiran “zaɓi ya canza” kai tsaye irin wanda akwatin tebur na Mac yake da shi. Labarin yana zuwa ne ta wata hanya, wato saƙon aiki da akwatin ke aikawa idan an danna. Akwai ma wani makunni na daban da ke cewa ko a aika wannan saƙo idan mutum ya motsa da maɓallan kibiya na kibod. Idan makunnin na kashe, mutum zai gangara da kibiya zuwa fayil na biyar, idonsa na ganin na biyar, amma manhajar tana riƙe da na farko da ya danna da maus. Ya ba da umarni, aiki ya faɗa kan wanda ba shi ba.

Kun ga ramin? Abin da ido ke gani an zaɓa daban, abin da manhaja ta ɗauka an zaɓa daban.

A WAYOYIN HANNUNMU

A iPhone akwatin jeri yana da kiraye-kiraye da suka shafi wannan, daga ciki akwai: ana shirin zaɓa, an zaɓa, an cire zaɓi. Sunayen biyun ƙarshe, didSelect da didDeselect, sun yi kama sosai, har ya zama sanannen kuskure mai koyo ya rubuta aikinsa a ƙarƙashin na biyu. Sakamakon: ka taɓa layi shiru, ka taɓa wani, sai na farkon ya buɗe. Wani abin kuma, idan manhajar ce da kanta ta zaɓi layi ba yatsan mutum ba, akwatin ba ya kiran wakili sam. Apple sun rubuta haka a bayaninsu, amma sai wanda ya karanta.

Mu dawo kan Android, tunda Tecno da Infinix da Itel su ne suka cika teburina. Akwatin da aka fi amfani da shi sunansa RecyclerView, ya fito a 2014. Dabararsa ita ce tattali. Ko da hotunanka dubu biyar ne, ba ya ƙera layi dubu biyar. Yana ƙera 'yan kaɗan da za su cika sikirin, wanda ya fita ta sama sai a dawo da shi ta ƙasa a sa masa sabon hoto. Kamar mai abinci da faranti goma tana ciyar da mutum ɗari. Wannan ne ya sa ƙaramar waya ke iya gangara dogon jeri ba ta tsaya ba. To amma idan ba a wanke farantin ba fa? Idan mai manhaja ya ajiye alamar makin a jikin layi, ka yi makin na biyu, ka gangara, sai ka tarar da wani can ƙasa ɗauke da makin da ba kai ka sa ba.

Na manhajar Mama ɗan'uwan wannan ne. Ita ta ajiye zaɓi ne da lambar layi. Daidai shi ne a ajiye shi da shaidar fayil ɗin kansa, wadda ba ta canzawa ko jeri ya juya. Google ma sun tanadi kayan aiki na musamman don haka, mai bin zaɓi da shaidar kowane abu, mai kuma ba da damar cewa wannan ba a zaɓen sa. Kyauta ne. Rashin amfani da shi ko yin makamancinsa ganganci ne kawai.

Ga wani da kowa ya taɓa gani. Ƙaramin akwatin da kake taɓawa jeri ya zubo, irin na zaɓen jiha ko banki, a Android yana kiran wakili ya ce “an zaɓa” tun lokacin da shafin ya buɗe, kafin kowa ya taɓa shi, kuma abu na farko a jerin yake miƙawa. Idan mai manhaja bai sa “zaɓi jiharka” a matsayin layin farko ba, ya kuma ƙi karɓar fom har sai an canza shi, sai ka ga ɗan Kebbi ya cike fom ya fito ɗan Abia, don Abia ce farko a jerin jihohi. A fom ɗin makaranta abin dariya ne da wahalar gyara. A wurin tura kuɗi ba dariya.

“AI SAI MUTUM YA KULA”

Na san abin da wasu za su ce. Wani abokina mai gyara a cikin Zuru ya ce min, ai duk wanda zai goge abu sai ya duba. Gaskiya ne, kulawa na da kyau. Amma me Mama za ta duba? Lokacin da ta taɓa furen, fure ne. Tambayar da aka yi mata da Turanci ce, kuma ba a nuna mata hoto ko ɗaya ba. Ba za ka ce mutum ya kula da abin da ka ɓoye masa ba.

Wasu kuma za su ce to a yawaita tambayar “ka tabbata?”. Wannan ma ban yarda ba. Ni da ke riƙe waya fiye da ashirin wasu ranakun, yatsana yana danna “eh” kafin idona ya karanta. Tambayar da ake yi kullum ta daina zama tambaya. Abin da ke ceto shi ne hanyar komawa baya. A iPhone hoton da aka goge yana zama kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. A Google Photos wanda aka riga aka adana a intanet yana kwana 60 a kwandon shara. WhatsApp ma a ƙarshen 2022 sun ƙara daƙiƙa 5 na janyewa ga wanda ya danna “goge a wurina” bisa kuskure. Manyan kamfanonin nan sun gane cewa hannu zai kuskure komai wayon mai shi. Manhajar da ke goge hoto nan take babu kwando, a wannan zamani, ba ta da uzuri.

Kuma laifi tudu ne. Mu masu gyara muna da namu. Idan ka jona memori ko waya a kwamfuta ka goge abu, ba ya shiga kwandon shara na Windows, tafiya yake yi. Ka riƙe Shift ka danna, duk abin da ke tsakanin dannawa biyu ya shiga zaɓi, har wanda ba ka gani. Ka danna Ctrl da A a tagar da ba ita kake nufi ba, ka kwashi kayan kwastoma. Mu nawa ne muka taɓa yin haka muka ce wa mai waya “bairos ne”?

GA MAI WAYA

1. Kafin ka yi makin abu da yawa don gogewa, kashe data da Wi-Fi, don kar sabon abu ya shigo ya motsa jerin.

2. Duba lambar da ke sama. Idan bakwai ka zaɓa ta ce tara, tsaya, cire duka ka sake.

3. Gangara sama da ƙasa ka ga inda alamar take kafin ka danna dilit. Goma-goma ya fi ɗari a lokaci ɗaya.

4. Yi amfani da galari ko manhajar fayil da ke da kwandon shara. Gwada da hoton banza ka ga ko za ka iya dawo da shi.

5. Idan ɓarna ta riga ta faru a memori, cire shi nan take. Kar ka ɗauki sabon hoto, kar ka yarda a yi masa fomat. Muddin ba a rubuta wani abu a kan wurin ba, manhaja irin PhotoRec tana iya tono da yawa. Na cikin wayar kanta kuwa, dawo da shi yana da matuƙar wuya.

GA ƘANNENA MASU KOYON RUBUTA MANHAJA

Na san akwai ku a nan, wasu a Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru, wasu kamar ni a waya muke koyo da daddare bayan an rufe shago. Roƙona gare ku:

Ku riƙe zaɓi da shaidar abu, ba da lambar layi ba, ba kuma a jikin layi ba. Ku raba zaɓi da aiki, taɓawa kar ta zama gogewa ko turawa. Ku amsa kiran neman izini, ku hana zaɓen abin da bai kamata a zaɓa ba tun daga nan. Lokacin da mutum ya danna maɓallin aiki, ku sake tambayar akwatin me ke zaɓe yanzu, kar ku dogara da abin da kuka ji ɗazu. Ku nuna masa adadi da hoton abin da zai tafi. Sannan ku gwada kamar mugu: ku yi makin ku gangara, ku juya wayar, ku turo sabon fayil ana tsakiyar zaɓi, ku fita ku dawo. Gwajin da na yi da hotuna 40 bai ci min minti goma ba. Da wanda ya rubuta waccan manhaja ya yi shi, da Mama ba ta zo shagona ba.

Ita kuwa Mama, Allah ya taimaka jikanta bai ɗauki komai da wayar ba bayan abin ya faru. Mun dawo da yawancin hotunan. Bidiyon Uhola ya dawo amma ya ƙi buɗewa, na yi iya yina ya gagara. Da ta zo karɓa na ce mata, “Mama, ki yafe min, ba hannunki ba ne, ni ne na yi saurin magana.” Ta ce, “Ai na faɗa maka, ɗana.” Na tura mata hotunan a wani memori na biyu, na ce ta ajiye shi a akwatin kayanta, na kuma cire waccan manhajar.

Abokan sana'a, idan kwastoma ya ce “ba wannan na zaɓa ba”, mu gwada tukuna kafin mu ɗora masa laifi. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan kuma, ya faɗa mana yadda ta kasance, wani zai ƙaru.